Ɗumin Bangon Fatna

Fatna 'yar Ishaq ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. A Maiurno aka haife ta, a bakin Nilu, cikin zuriyar mutanen da suka taso daga yamma da niyyar aikin hajji, hanya ta riƙe su a Sudan har suka yi jikoki. Hausarta irin ta kakanni ce, ta sha Larabci ta ƙoshi. In tana magana, matan Kano da Katsina sukan yi shiru su saurara, domin sukan tsinci kalmomin da rabonsu da ji tun bakin kakanninsu.

Jinya ce ta kawo ta Alƙahira a shekarar 1993. Mijinta Hamad ya daɗe yana fama da ciwon ƙoda, aka ce musu likitocin Masar sun fi sanin kansa. Bai cika shekara ba Allah ya karɓi abinsa. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma a gida babu abin da ke jiranta sai ɗaki a gidan wani ƙaninta. Ta ce za ta koma in ta gama takaba. Da ta gama ta ce bari sanyi ya wuce. Sanyi ya wuce, wani ya zo, tana nan.

Abin da ya riƙe ta shi ne sana'ar da ta gada wajen mahaifiyarta: gyaran jiki na mata, lalle da dilka da dukhan. Dukhan shi ne turaren da mace ke zama a kansa. A Sudan rami ake haƙawa a tsakar gida, a zuba garwashin itacen talihi, mace ta zauna a bakin ramin a lulluɓe ta da bargo mai kauri, zafi da hayaƙi su yi ta hawa suna ratsa ta har ta yi sharkaf da gumi. A benayen Alƙahira babu inda za a haƙa rami, sai Fatna ta samo tukunyar ƙasa mai faɗin baki da kujerar katako da aka huda tsakiyarta. Da su take hawa mikrobas, ƙaramar bas ta haya, daga unguwar Faisal zuwa Dokki, gidajen matan ma'aikatan ofishin jakadancin Najeriya, wani lokaci har unguwar Hay el-Sabi' in ɗalibai sun yi aure.

Tafin hannunta shi ne ma'auninta. Kafin ta zaunar da mace sai ta zura hannu ƙarƙashin bargon ta tsaya jim, sannan ta ce a ƙara garwashi ko a jira. Ba ta yarda da gwangwani ba. Takan ce ƙarfe ɗan gaggawa ne, yana karɓar wuta ya miƙa wa cinyar mutum nan take, ita kuwa tukunyar ƙasa sai ta sha zafin ta riƙe, ta riƙa sakinsa a hankali. Ba ta barin wadda ta tashi daga dukhan ta taka tayil ba takalmi. "Tayil ɓarawo ne," in ji ta. "Duk abin da na zuba miki, ta tafin ƙafa zai zuƙe."

Ɗakinta yana can saman wani tsohon bene a wani lungu na Faisal. Asali gida ɗaya ne babba, mai gidan ya raba shi biyu da siririn bango na jan bulo. Rabin Fatna yana da taga ɗaya tak, wadda ke kallon wani matsattsen rami tsakanin gine-gine, inda rana ba ta taɓa leƙowa. Ɗaya rabin kuwa ƙofarsa ta matakalar baya take, sai mutum ya sauka har ƙasa ya zagaya sannan ya hau. A can Baba Ɗantsoho yake.

Mutumin Damagaram ne, dogo, siriri, ya tsufa tukuf. Tun yana saurayi ya zo neman ilimi. Karatun bai ƙare ba, shi kuma bai koma ba, kuma babu wanda ya san dalili. Yana sayar da turare da carbi a bakin wani masallaci, ba ya shiga harkar kowa. Ran Juma'a Fatna takan kai masa kisra, wainar dawa ta mutanen Sudan, da miyar kuɓewa busasshiya. Sai ya buɗe ƙofa kaɗan ya karɓa.

"Baba, an wuni lafiya? Ya sanyi?"

"Da godiya, 'yata. Allah ya yi albarka."

Iyakar hirarsu ke nan, shekara da shekaru. Amma Fatna ta san ranarsa fiye da yadda yake zato. Ɗan rishonsa na shayi a ƙasa yake ajiye shi, jikin bangon da ya raba su. Kullum in ya dawo daga sallar La'asar sai ya ɗora buta. Zafin ba ya isowa nan da nan, sai ya bi cikin bulo a hankali, wajen faɗuwar rana sannan wani ɗan wuri a gindin bangon, ta ɓangarenta, ya ɗauki ɗumi kamar cikin kaza. In ta dawo aiki ta ajiye tukunya, takan taɓa wurin. In da ɗumi, Baba yana nan lafiya. Da sanyin hunturu ya matsa mata a wannan ɗaki marar rana, sai ta jawo katifarta ta manna da bangon. Ba ta taɓa faɗa masa ba, don tana jin kamar wani abu take ɗiba nasa ba da izini ba.

Azumin ƙarshen 1999 ya faɗo cikin tsananin sanyi. Bayan salla aka shiga bukukuwa, aiki ya yi mata yawa, tana fita da sassafe ta dawo a gajiye. Wata rana da yamma ta dawo ta tarar da bangon ya yi ɗumin da bai taɓa yi ba, ba a gindi kaɗai ba, har zuwa tsayin ƙirji. Ta tuna ta ji Ammu Hasan, mai gadin gidan, yana cewa wasu ɗalibai sun kawo wa tsohon daffaya, hitar lantarki mai jan ƙarfe. Ta yi murna. Ta zauna ta jingina bayanta mai ciwo, ta ji wani ɗumi mai laushi daidai tsakanin kafaɗunta, ba mai zafi ba, irin wanda ke sa ido ya lumshe. Ta daɗe a haka.

Da safe bangon bai huce ba. Ta ce a ranta, tsoho ya samu abin wuta, ya ƙi kashewa. Ta shanya ɗankwalayenta a wurin suka bushe kafin ta gama shiri. Kullun kisrarta, wanda sanyi ya hana shi tsami, ta matsa da shi jikin bangon, kafin yamma ya kumbura har ya ɗaga murfi. Ta toya ta ci, ta raba wa maƙwabta. Haka aka yi kwanaki. Ko da wani wari ya fara tasowa, hancinta bai kama ba, domin komai na ɗakinta, daga labule har katifa, ya riga ya jiƙu da ƙamshin talihi da sandal.

Ran Juma'a ba ta da aiki. Da hantsi ta zauna ta jingina kamar yadda ta saba, sai ta ji wurin bai yi mata daɗi ba. Ta matsa gefe, ɗumi. Ta dawo tsakiya, sanyi-sanyi. Ta juya ta fuskanci bangon ta ɗora tafin hannu, kamar yadda take auna dukhan. Dama da zafi, har fenti ya fara tashi. Hagu ma haka. Tsakiya kuwa akwai wani wuri da zafin bai kama sosai ba. Ta bi iyakarsa da hannu a hankali. Daga ƙasa yana da faɗi. Ya hau ya ɗan tsuke, ya sake buɗewa, sannan ya matse, a samansa kuma wani ɗan kewaye kamar ƙoƙo. Ta sake bi daga farko. Siffar mutum ce a zaune.

Ta janye hannu ta riƙe shi da ɗayan. A lokacin ta lura da ƙudaje a bakin tagarta, manya, masu sheƙi, a tsakiyar sanyin da ba a ganin ƙuda.

Ta ƙwanƙwasa bangon. "Baba?"

Ta sake ƙwanƙwasawa. Can nesa ana ta karatu a lasifikar masallaci, ƙasa a titi mai sayar da tukunyar gas yana buga ƙarfe. Daga bayan bangon babu ko tari.

Ta sauka ba ta ko sa takalmi ba. Ammu Hasan yana zaune a bakin ƙofa cikin jallabiyarsa, yana shirin tafiya masallaci.

"Ammu Hasan, yaushe rabonka da Baba?"

Ya ɗaga kai yana tunani. "Tun bayan salla kaɗan. Na ɗauka sanyi ne ya hana shi fita, ya Hajja."

"Taso mu hau."

Tun a matakalar baya Ammu Hasan ya ja bakin rawaninsa ya rufe hanci. Ya buga ƙofa, ya kira, sannan ya sa kafaɗa. Da ƙofar ta buɗe, wata iska mai zafi ta fito ta bugi fuskokinsu kamar an buɗe gidan burodi. Ɗakin duhu ne, murafun taga a rufe, babu haske sai na jan ƙarfen hitar da ke ci a tsakiyar ɗaki. Baba Ɗantsoho yana zaune kan buzunsa, ya miƙe ƙafafu, ya jingina da bango, carbi a hannu, kansa ya ɗan karkata. Hitar tana fuskantarsa, tana watsa zafinta a kansa da kan bangon da ke gefe da gefensa. Inda jikinsa ya tare, nan ne zafin bai kai ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Ammu Hasan, ya cire wayar daga bango.

Fatna ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon inda bayansa ya jingina. Ta san wurin. Bulo ɗaya ne tsakaninsa da inda nata bayan yake duk waɗannan kwanaki.

'Yan sanda suka zo suka yi nasu, likita ya ce zuciya ce. Ɗalibai daga Hay el-Sabi' suka haɗu suka yi masa sutura. Ba a samu wani ɗan'uwa da za a sanar ba. Ammu Hasan ya wangale murafun tagar don iska ta shiga, aka kulle ɗakin da kayansa a ciki har a ga ko wani zai fito. Fatna ta zubar da sauran kullun, ta mai da katifarta ɗaya kusurwar. Bangon ya ɗauki lokaci kafin ya huce, kamar tukunyarta. Da ya huce ya yi sanyi ƙalau, ita kuma ta daina taɓa shi.

Sai da sanyi ya fara ja da baya, wata rana kusan magariba allura ta faɗo mata ta gangara gindin bangon. Ta durƙusa tana lalube, gefen hannunta ya gogi fenti. Da ɗumi. Ta zauna a ƙasa ta daɗe tana kallon wurin. Washegari da safe ta taɓa, sanyi. Da yamma, daidai lokacin da shayin Baba yakan iso gare ta, ɗumin ya dawo. Kuma wannan karon tsakiyar ce ta fi ɗauka, wurin nan mai siffar mutum.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta yi ta karanta Ƙulhuwallahu tana tofawa, ta yi sadaka da sunansa, ta riƙa jan ƙafa a gidajen aiki don kada ta dawo kafin duhu. Ta rame. Wadda ta fara lura ita ce Hajiya Juwairiyya, matar wani jami'in ofishin jakadanci a Dokki, wadda ta koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Funtuwa kafin aiki ya kawo mijinta Masar. Tana zaune kan kujerar dukhan, bargo har wuya, ta dubi Fatna.

"Inna Fatna, yau ba ki ce mini komai a kan tayil ba. Lafiya kuwa?"

Fatna ta ci gaba da juya garwashi. Can ta buɗe baki ta faɗa mata duka, daga rishon shayi har allura. Juwairiyya ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce aljanu ba.

"Inna, ke kin fi ni sanin wuta. Zafi ta hanya nawa yake zuwa wa mutum? Ko dai ya bi ta jikin abu, kamar yadda na Baba ya biyo bulo. Ko iska ta ɗauko shi ta hau da shi, kamar wannan da nake zaune a kai. Saura ɗaya: ya tsallako fili ba tare da ya taka komai ba, kamar yadda hitar nan ta gasa bango daga tsakiyar ɗaki. Rana ma haka take mana daga inda take. Ɗakinsa da taga?"

"Da ita. Tana kallon yamma."

"A rufe take?"

Fatna ta tsaya da abin juya garwashin a hannu. "Ammu Hasan ya buɗe ta ranar da aka fitar da shi."

"Khalas, magana ta ƙare. Gobe bayan La'asar zan sa direba ya kawo ni."

Ta zo kuwa. Ammu Hasan ya yi ta gunaguni kafin ya ɗauko makulli. Da suka shiga, ɗakin fes yake da haske. Rana ta sauko ta shigo ta tagar, ta ratsa ɗakin, ta kwanta a kan bangon tsakiya daga ƙasa zuwa tsayin ƙirji. A cikin hasken akwai wani tabo mai duhu, inda bayan tsohon da ƙeyarsa suka shekara suna jingina, wanda kwanakin ƙarshe suka ƙara wa duhu. Juwairiyya ta taɓa farin fentin, ta taɓa tabon, ta kamo hannun Fatna ta ɗora.

"Kin ji? Baƙi ya fi fari shan rana. A tsakiyar sanyi hasken ba ya kaiwa nan, yanzu da rana ta sauya hanya ya kai. Shi ke nan, Inna."

Fatna ta gyaɗa kai. Bayanin ya shige ta, ba ta da abin musu a ciki. Amma ba ta cire hannun ba.

"Hajiya, in tambaye ki. In mutum ya cika, ɗumin jikinsa ina yake zuwa?"

"Ba ya ɓacewa. Yana fita ne ya shiga abin da ke kusa. Iska, shimfiɗa, duk abin da ya taɓa."

"Har bango."

Juwairiyya ta dube ta, ta gane inda tambayar ta nufa. "Har bango," ta ce a hankali.

Fatna ta tuna yammacin farko, da ɗumin nan mai laushi tsakanin kafaɗunta, wanda bai yi kama da na hita ba. Ta cire hannunta daga bangon. Ammu Hasan ya ja murafun tagar ya sa musu ƙusa, suka fito.

Daga ranar bangon ya yi sanyi, safe da yamma. Tsoro ya sake ta, amma ɗakin bai sake zaunuwa mata ba. Ta ɗauki wata ɗabi'a da ba ta da ita a da: duk inda ta ji akwai tsoho ko tsohuwa da ke zaune su kaɗai, Bahaushe ko Basudane ko Bamisire, sai ta hau ta ƙwanƙwasa, kuma ba ta tafiya sai an buɗe ta ga fuska. Wasu suna jin daɗi, wasu suna ganin ta cika shisshigi. A shekarar 2002 'yar ƙaninta Mahasin ta zo daga Sudan, suka kama ɗaki a ƙasan wani bene a Hay el-Sabi', Fatna ta fara koya mata sana'a.

Bayan kusan shekara, aiki ya kai ta Faisal, ta biya ta gaida Ammu Hasan. Ya sa aka kawo mata shayi, suka zauna a bakin ƙofa cikin rana tsaka, ana ta hayaniyar mikrobas a babban titi. Ya ce ɗakin tsohon an yi masa sabon fenti, wani tela ɗan garin Fayyum ya shiga da matarsa. Nata ɗakin kuwa har yanzu babu kowa, ba mai son ɗakin da rana ba ta shiga.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Hajja, akwai abin da nake so in tambaye ki," ya ce, yana juya cokali a kofi. "Ba ki bar wani abu na wuta a ciki ba?"

"Ko ashana ban bari ba. Kai ka kulle da hannunka."

"Na sani. Na ma shiga na duba." Ya kurɓi shayi. "Matar telan ce ta dame ni. Wai in roƙi maƙwabciyarsu ta matsar da rishonta daga jikin bango, don nan gadon jaririnsu yake, kuma kullum da yamma sai wurin ya yi ɗumi."

"Rana ce," in ji Fatna. "Tagarsu tana kallon yamma."

"Haka na ce mata. Ta ce tun da suka shigo ba su cire ƙusoshin da na buga ba, mijin ya jingina kabad a wurin."

Fatna ta ɗaga kai ta dubi saman benen. Daga titi ba a ganin komai sai shanya da eriyoyi.

"Me ka ce mata game da maƙwabciyar?"

"Na ce zan faɗa mata."

Ta ajiye kofin, shayin ko rabi ba ta sha ba.

"Ka ce wa matar telan ta matsar da gadon yaron," ta ce. "Yau, kafin La'asar."

Ta yafa mayafinta ta nufi bakin titi. Ammu Hasan ya ce makulli yana aljihunsa in tana so ta hau ta gani da idonta, ta ɗaga masa hannu ba ta waiwayo ba. Ta zauna a Alƙahira wasu shekaru bayan haka, har hayaƙi ya ci ƙarfin idanunta, Mahasin ta karɓi aikin, ita kuma ta koma Maiurno a 2008. In aiki ya faɗo a Faisal a waɗannan shekaru, Mahasin take turawa.